Baƙuwa ko 'Yar Gida: Bambance Sankarar da ta Yaɗu Zuwa Ido da Wadda ta Tsiro a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Idan likitan ido ya leƙa cikin idon mutum ya hangi wani tsiro ya taso a bangon ƙwayar idon ta ciki, akwai tambaya guda da ya wajaba ya amsa kafin ya ɗauki wuƙa ko ya rubuta magani, watau: shin a nan wannan tsiro ya samo asali, ko kuwa daga wata gaɓa ta jiki ya taso, jini ya ɗauko shi ya sauke a nan? Domin sauƙin bayani, a cikin wannan takarda za mu riƙa kiran sankarar da ta tsiro a cikin idon kansa da sunan 'yar gida, wadda kuwa ta yaɗo daga mama ko huhu ko wata gaɓa mu kira ta baƙuwa.

Bambancin nan yana da nauyi ƙwarai. 'Yar gida, idan an same ta da wuri, ana iya gamawa da ita a cikin idon, ko ta hanyar gashi da haske mai ƙona sankara, ko ta hanyar cire idon ɗungum, mai ita ya ci gaba da rayuwarsa. Baƙuwa kuwa 'yar aike ce kurum, uwar ɗakinta tana can wani wuri, kuma isowarta ido shaida ce cewa cutar ta riga ta shiga jini. Cire ido saboda baƙuwa ba ya ƙara wa majinyaci ko da kwana ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya raba shi da ganin da zai amfana da shi a sauran kwanakinsa, sa'an nan a ɓata makonni ana jinyar raunin aiki, alhali huhu ko mama na can cutar na ci.

Maƙasudinmu shi ne mu bayyana alamomin da ake bi a rarrabe waɗannan biyu, sa'an nan mu nuna cewa jerin zato da manyan littattafan likitanci suka saba kawowa an gina shi ne a kan majinyata Turawa, saboda haka likitan da ke duba baƙar fata yana bukatar ya sake jera shi.

2.0 Yadda baƙuwa ke shiga ido

Bangon ƙwayar ido hawa uku ne. Daga waje akwai farin ido mai kauri. Daga can ciki akwai ratina, watau tantanin da ke karɓar haske. A tsakaninsu kuwa akwai wata shimfiɗa cike da ƙananan jijiyoyin jini. Ɓangaren wannan shimfiɗa da ke baya shi ake kira koroyid. Idan ta miƙo gaba sai ta zama zoben da ke riƙe da madubin ido, daga nan ta ƙare a tantanin nan mai launi da ke kewaye da ƙofar shigar haske. Cikin ƙwayar ido babu hanyoyin ruwan kaluluwa irin waɗanda sankara ke bi daga mama zuwa hammata, don haka jini ne kaɗai hanyar da baƙuwa za ta bi. Koroyid kuwa yana cikin wuraren da jini ya fi yawan gudana a jiki duka idan aka yi la'akari da ƙanƙantarsa, kuma jijiyoyin da ke shayar da shi, waɗanda kan kai kusan 20, suna shiga ne ta baya, kewaye da babbar jijiyar gani. Wannan ne dalilin da ya sa baƙuwa takan sauka a bayan ido, kusa da cibiyar gani, har mai ita ya fara kukan hazo-hazo tun tsiron bai kai ya kawo ba.

Tun a 1889 Stephen Paget, likitan fiɗa a Ingila, ya kwatanta yaɗuwar sankara da iri da ƙasa: iska tana watsa iri ko'ina, amma ba ya tsirowa sai inda ƙasar ta karɓe shi. Duk manomi ya san gaskiyar wannan. Koroyid fadama ce ga irin da ya fito daga mama da huhu.

An daɗe ana ɗaukar baƙuwa a ido a matsayin abin da ba kasafai ake gani ba. Perls ne ya fara ba da rahoton irinta a koroyid a 1872, kuma kusan shekara ɗari bayansa ana kallonta a matsayin abin mamaki. A 1971 Bloch da Gartner suka binciki idanun gawarwaki 230 na mutanen da sankara ta kashe, suka tarar ta kai ido ko kwarminsa a wajen kashi 12 cikin 100. A 1974 kuma Ferry da Font suka buga nazarinsu a kan majinyata 227. Daga nan ra'ayi ya juya, har aka yarda cewa a wajen baligai baƙuwa ita ce sankarar da ta fi yawa a cikin ƙwayar ido. Abin da ya sa likitan ido ba ya ganinta gwargwadon yawanta a fili yake: wanda numfashi ke yi wa wuya ba ya zuwa asibiti saboda hazo a ido ɗaya.

Nazarin da aka fi dogara da shi wajen sanin inda baƙuwa ke fitowa shi ne wanda Carol Shields da Jerry Shields da abokan aikinsu na Asibitin Ido na Wills da ke Filadelfiya suka buga a 1997, a kan idanu 520 na majinyata 420. Kashi 88 cikin 100 na tsiron a koroyid suka sauka. Mama ce tushen kashi 47, huhu kashi 21, sauran kuwa daga hanji da ciki, da ƙoda, da fata, da furostat na maza. A wajen mata mama ce kan gaba, a wajen maza huhu. Majinyata 100 daga cikin 420 ɗin idanunsu biyu ne suka kamu. Amma adadin da ya fi kamata mu riƙe shi ne wannan: kashi 34 cikin 100 ba su san suna ɗauke da wata sankara ba ranar da suka zo wajen likitan ido. Da aka bincike su, huhu ne ya fi fitowa, kuma a kusan rabinsu ba a gano tushen ba sam. Ke nan faɗin majinyaci cewa shi lafiyarsa lau ba ya kore baƙuwa.

3.0 Abin da ake ji da abin da ake gani

'Yar gidan da aka fi rikita ta da baƙuwa a wajen baligai ita ce melanoma, watau sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba jiki launi. Tarihin rikita tsiron ido da ita abin tsoro ne. A 1964 Ferry ya duba idanu 529 da aka cire bisa zaton melanoma, waɗanda aka aika Cibiyar Nazarin Cututtuka ta Sojojin Amurka, ya tarar 100 daga ciki, watau kusan ɗaya cikin biyar, babu melanoma a cikinsu. A 1990 kuwa babban binciken haɗin gwiwa na Amurka da Kanada a kan melanomar ido ya ba da rahoton idanu 413 da aka cire, 411 zaton ya yi daidai. Lalle majinyatan wannan bincike zaɓaɓɓu ne, kuma ƙwararru ne suka duba su. Duk da haka ratar da ke tsakanin 1964 da 1990 ta nuna cewa rarrabewar abu ne da ake koya, kuma yawancinsa da madubin leƙa ido da hoton sauti aka yi shi.

Mataki na farko tambaya ce, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Macen da aka yi wa aikin mama shekara biyar ko takwas da suka wuce ba lalle ta faɗa wa likitan ido ba, ko don kunya, ko don a ganinta me ya haɗa ido da mama, ko kuwa don an gaya mata an cire cutar an gama. Sankarar mama kuwa an san ta da yin lamɓo shekaru kafin ta ɓullo a wani wuri. Idan aka tambayi dattijuwa, "Inna, kina da wani ciwo?" za ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa a fahimtarta. Sai an tambaye ta kai tsaye, "Inna, an taɓa yi miki aiki a mama, ko kin taɓa jin ƙullutu a ciki, ko a hammata?" Namiji kuma a tambaye shi shan taba, da tari, da jini a kaki, da rama, da yadda fitsari ke fita. Bayan tambaya sai hannu. Ya kamata a sami ma'aikaciyar jinya mace ta duba mama da hammata tun a ɗakin duba ido, maimakon a rubuta takarda a tura matar wani sashe da ba a san ko za ta je ba.

Mataki na biyu shi ne kallon tsiron kansa bayan an ɗiga maganin buɗe ido, kuma idanu biyun za a duba ko da ɗaya ake kuka da shi. Baƙuwa galibi fara ce mai ratsin rawaya, kamar launin man shanu. Shimfiɗewa take yi kamar faifai, faɗinta ya fi tudunta. A nazarin 1997 matsakaicin faɗinta milimita 9 ne, tudunta milimita 3. Gefenta ba ya fita sosai, kuma a kanta akan ga ɗige-ɗigen ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Tana tara ruwa a ƙarƙashin ratina fiye da yadda girmanta ya cancanta, har wani lokaci ɗagowar ratinar ce ake fara gani, tsiron na ɓoye a ƙarƙashi. Tana iya zama biyu ko uku a ido ɗaya, ko ta kama idanu biyu. Tana da saurin girma, a ga canji cikin makonni kaɗan, kuma takan zo da zafi a wasu majinyatan.

Melanoma kuwa yawancinta ruwan ƙasa ce ko toka-toka, guda ɗaya a ido ɗaya. Tana tasowa kamar tulluwa, kuma idan ta huda siririn tantanin da ke raba koroyid da ratina sai kanta ya kumbura wuyanta ya tsuke, ta yi siffar naman kaza. Wannan siffa, idan an gan ta, kusan ta yanke hukunci, domin da wuya ƙwarai baƙuwa ta yi haka. Akan ga kuma wani garin launin lemo a bisanta. Girmanta a hankali ne, watanni ko shekaru. Samun melanoma a idanu biyu abu ne da likita zai iya gama aikinsa bai gani ba, don haka tsiro a idanu biyu na baligi baƙuwa ce har sai an tabbatar da akasin haka.

Sai dai launi kaɗai yana yaudara. Akwai melanoma marar launi, fara sol, wadda ke kama da baƙuwa. Akwai kuma baƙuwa mai launin lemo, irin wadda ke fitowa daga ƙoda, ko daga tayirod da ke wuya, ko daga ƙarin da ake kira kasinoyid. Ita kuma tana kama da wani tsiron jijiyoyin jini marar illa da ake kira himanjiyoma. Har ila yau melanomar fata tana iya yaɗowa ido, ta zo da launin ruwan ƙasa kamar 'yar gida alhali baƙuwa ce. A wajen baƙar fata melanomar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, saboda haka wanda aka ga tsiro mai duhu a idonsa yana da kyau a ce ya cire takalmi a duba.

4.0 Na'urori da gwajin nama

Daga cikin na'urori, hoton sauti shi ne ya fi amfani idan aka auna da kuɗinsa. Ƙwayoyin melanoma a cushe suke iri ɗaya, don haka sauti na ratsa su ba tare da amsa-kuwwa mai yawa ba, sai cikin tsiron ya fito da duhu kamar kogo. Ƙwayoyin baƙuwa a hargitse suke, gungu-gungu, sai amsa-kuwwar ta fito matsakaiciya zuwa mai ƙarfi, kuma ba bisa tsari ba. Himanjiyoma ita ce mai amsa-kuwwa mafi ƙarfi. Hoton sauti yana kuma ba da awon tudun tsiron da milimita, wanda za a ajiye a kwatanta da na bayan mako uku ko huɗu. Na'urar da ke yanka hoton ratina hawa-hawa da haske, wadda ake kira OCT, takan nuna saman baƙuwa gargada-gargada, na melanoma kuwa sumul. Hoton jijiyoyi da allurar rini ya fi taimakawa wajen fitar da himanjiyoma. Hoton MRI yana da amfani wajen duba ƙwaƙwalwa, domin baƙuwar da ta kai ido sau da yawa ta kai can, amma a ra'ayinmu ba abin dogaro ba ne wajen raba ƙananan tsiro biyun nan.

Idan zato ya karkata ga baƙuwa, bincike sai ya bar ido ya koma jiki: hoton ƙirji, da na mama, da hoton sauti na ciki, da awon PSA ga namiji, sa'an nan hoton CT na ƙirji da ciki idan waɗancan ba su nuna komai ba. Idan an sami ƙullutu a mama ko kaluluwa a wuya, daga nan ya kamata a tsakuri nama a gwada, domin ya fi sauƙi kuma ba ya jefa gani cikin haɗari. Tsakurar tsiron ido da siririyar allura ana ajiye ta ne ga wanda aka bincika ko'ina ba a sami tushe ba. Ɗan abin da allurar ta ɗebo ana shafa masa rini iri-iri masu kama sunadaran da kowace gaɓa ta keɓanta da su: TTF-1 yana nuni ga huhu ko tayirod, GATA3 da masu karɓar sinadarin mata suna nuni ga mama, PSA ga furostat, HMB-45 da Melan-A kuwa ga melanoma. Ta haka ɗigon nama daga ido yakan faɗi sunan gaɓar da hotuna suka kasa nunawa.

5.0 Jerin zato a wajen baƙar fata

A nan ne muke so mu tsaya. Littattafan da ɗalibanmu ke karantawa sukan sa melanoma a babi na farko na sankarar cikin ido, da hotuna masu yawa, sai ɗalibi ya tashi da ita a bakinsa. Amma melanomar ido cuta ce ta masu farar fata da idanu masu haske. Ƙididdigar da aka buga a Amurka a 2005 ta nuna tana kama Turawa kusan 6 cikin miliyan ɗaya a shekara, baƙar fata kuwa kusan 3 cikin miliyan goma. A ɗaya ɓangaren, sankarar mama ita ce kan gaba a cikin sankarar matan Nijeriya, kuma sanannen abu ne cewa mafi yawansu ba sa isa asibiti sai cutar ta yi nisa. Idan aka haɗa waɗannan biyu, baligin da ya zo asibitin ido a Kano ko Kaduna ko Maraɗi da farin tsiro a koroyid, baƙuwa ce ya kamata ta zo farko a zato, melanoma ta koma can baya. Ba mu ce a manta da ita ba. Tana faruwa, kuma ganinta a kan koroyid mai duhu ya fi wuya.

Akwai kuma wani abokin rikici da littattafan Turai ke ambata a taƙaice, amma a wajenmu yana zaune a sahun gaba, watau tarin fuka. Ƙwayar tarin fuka ita ma jini take bi ta sauka a koroyid, ta yi ƙullutu fari mai ratsin rawaya, da ruwa a ƙarƙashin ratina. Mai ita ma yana tari, yana ramewa, hoton ƙirjinsa yana da tabo. Ke nan alamomin tarin fuka da na sankarar huhu da ta yaɗu zuwa ido suna iya zama iri ɗaya tun daga ido har ƙirji. Abubuwan da ke taimakawa su ne: mai tarin fuka yakan fi ƙuruciya, kuma ruwan cikin idonsa yakan nuna alamar kumburi, ƙwayoyi na yawo a ciki, alhali idon mai baƙuwa galibi garau yake. Gwajin kaki da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, yana ba da amsa cikin sa'o'i. Gwajin fata na Mantoux kuwa ba ya tabbatar da komai a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar. Inda likita ya ga dole ya fara maganin tarin fuka bisa zato, to ya sa wa kansa wa'adi, ya auna tudun tsiron ranar farawa, ya sake aunawa bayan mako huɗu zuwa shida. Idan tsiron ya ƙaru, ci gaba da wannan magani har wata shida ɓata lokacin majinyaci ne.

Wata cuta kuma da ke ɓad da kama ita ce limfomar ratina, wadda ke kama tsofaffi ta zo kamar kumburin ido da ya ƙi jin magani. Ita ba ta cika shiga rabonmu na baƙuwa da 'yar gida ba, domin ido da ƙwaƙwalwa duk gidanta ne, kuma tana iya farawa daga kowannensu.

6.0 Yara

Duk abin da muka faɗa a sama game da baligai ne. A wajen yara lissafin juyewa yake yi. Baƙuwa ba ta cika sauka a cikin ƙwayar idon yaro ba. Yaro ƙasa da shekara biyar da aka ga tsakiyar idonsa na ƙyallin fari kamar idon kyanwa da dare, ko idon ya karkace, to ratinobilastoma ce abin tsoro, kuma 'yar gida ce ta asali, daga ratina take tsirowa. Tana kama kusan jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000. A 1971 Alfred Knudson ya nuna cewa sai ƙwayar gado ta lalace sau biyu cutar ke tashi, a 1986 kuma aka gano ƙwayar, RB1, a kan kuromosom na 13. Yaron da ya gaji lalacewa ta farko yakan kamu a idanu biyu. A lura da kyau: kamuwar idanu biyu, wadda a wajen baligi ke nuna baƙuwa, a wajen yaro gado take nunawa, kuma tana wajabta a duba ƙannensa da yayyensa ƙanana.

Hoton sauti yakan nuna ƙwayoyin alli a cikin tsiron, alamar da ke da ƙarfi ƙwarai. Kuma a nan allurar da muka yarda da ita ga baligi haramun ce, domin huda idon da ke da ratinobilastoma buɗe wa cutar ƙofa ne ta fita. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan yara 4,351 daga ƙasashe 153 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki akan gano cutar yaro na da kimanin wata 14, kuma kusan dukkansu tana nan cikin ido. A ƙasashe matalauta kuwa sai wajen wata 30, kuma kusan rabinsu ta riga ta fita daga ƙwayar idon. Wannan jinkiri yana da nasa tasiri a kan batunmu, domin idan aka kawo yaro idon ya riga ya fito waje ya zama tsoka, tambayar ko daga ciki abin ya faso ko a kwarmin ya sauka sai ta yi wuyar amsawa. Abin da ke warware ta sau da yawa shi ne a tambayi uwa ko ta taɓa ganin farin ƙyalli a idon watannin baya.

Baƙuwar yara kwarmin ido take nufa. Niyurobilastoma, wadda galibi ke tasowa a ciki kusa da ƙoda, takan turo idanu waje tare da taruwar jini a fatar ido kamar an naushi yaron, har a zargi iyaye da duka. Taɓa cikin yaron da hoton sauti sukan bayyana gaskiya. Sankarar jini takan yi ƙullutu a kwarmin ido tun kafin gwajin jini ya nuna ta sarai. Sai limfomar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kama muƙamuƙi da kwarmin ido a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wadda kan ninka girmanta cikin kwanaki kuma take jin magani sosai. 'Yar gidan kwarmin da za a raba su da ita ita ce sankarar tsoka da ake kira rabdomayosakoma. A kwarmi, saɓanin cikin ƙwayar ido, tsakurar nama halal ce kuma ita ce ke yanke hukunci.

A wajen baligai ma baƙuwa na sauka a kwarmi, ta turo ido ko ta hana shi juyawa har mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Abu ɗaya da ya cancanci ambato shi ne wani nau'in sankarar mama mai tauri, wanda maimakon ya turo ido waje sai ya janye shi ciki. Mace mai matsakaicin shekaru da idonta ɗaya ya faɗa ba tare da ta taɓa buguwa ba, a duba mamanta.

7.0 Inda hanyoyin magani suka rabu

Idan an tabbatar melanoma ce, aikin yana kan idon. Binciken haɗin gwiwar da muka ambata ya nuna a 2001 cewa ga tsiro matsakaici, ɗinka ɗan faifai mai ɗauke da ayodin-125 a bayan ido na 'yan kwanaki yana ba da tsawon rai daidai da cire idon. Babban tsiro, ko inda babu wannan faifai, cire ido shi ne magani, kuma daidai ne. Bayan haka hanta ce abin sa wa ido, domin kusan rabin majinyatan cutar takan yaɗu daga baya, kuma hanta ce masaukinta a kusan tara cikin goma. Rashin kwafi ɗaya na kuromosom na 3 a cikin tsiron, ko lalacewar ƙwayar gado BAP1, suna nuna wanda ya fi shiga haɗari. A 2022 aka amince a Amurka da maganin tebentafusp ga wani rukuni na waɗanda ta riga ta yaɗu a jikinsu.

Idan kuwa baƙuwa ce, ragamar magani tana hannun likitan sankara, likitan ido mataimaki ne mai tsaron gani. Sau da yawa maganin da aka ba uwar cutar yana narkar da ta idon ma, domin jijiyoyin koroyid ba su da shingen da ke hana magani shiga ƙwaƙwalwa da ratina. Sankarar mama mai jin sinadarin mata takan lafa da magunguna irin su tamoxifen, sankarar huhu mai canjin EGFR ko ALK kuma takan ja da baya cikin makonni da ƙwayoyin da aka yi dominta, irin su osimertinib da alectinib. Inda gani ke cikin haɗari kuma ba za a iya jira ba, gashi daga waje na makonni biyu zuwa huɗu yakan tsayar da tsiron ya busar da ruwan a mafi yawan majinyata. Cire ido a nan ba ya halatta sai a hali guda: idon ya riga ya makance, matsin cikinsa ya hau, yana hana mai shi barci da zafi, kuma an gwada sauran hanyoyin rage zafin ba su yi ba.